Tambaya da Amsa: Kukan bege da rawar masu bauta a addinin Hindu

Wasiƙun wannan fitowa daga Damagaram suka zo, kuma kusan dukansu a kan abu guda suke, wato bautar bege ta mabiya addinin Hindu. Za mu faɗi abin da mutanen suke yi da dalilin da su da kansu suke bayarwa. Hukuncin addini kuwa na malamai ne.

Tambaya: Assalamu alaikum. A fadarmu ta shayi muna kallon finafinan Indiya, sai mu ga mutane suna waƙa da rawa a gaban abin bautarsu, wani yana kuka har ya faɗi. Gardama ta kaure, wasu sun ce bori ne, wasu sun ce shirin fim ne kawai. Ku raba mana. — Wani matashi, unguwar Zango

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Masu fim suna ƙara gishiri, amma abin yana nan, sunansa bakti. Kalmar Sanskirit ce, tsohon harshen littattafan Hindu, tushenta yana nufin samun rabo a cikin abu. Da Hausa, bege ya fi kusa da ita, sai dai su suna ɗaukar begen kansa a matsayin hanyar tsira, kamar yadda wasunsu suke ɗaukar ilimi ko aikin ibada.

Littafinsu Bagabad Gita, mai babi 18 da baiti 700, ya ware babi na 12 don bakti, amma begen da ke cikinsa mai natsuwa ne. Irin wanda kuka gani, mai hawaye da suma, daga kudancin Indiya ya taso, ƙasar Tamil, tsakanin ƙarni na 6 da na 9. Mawaƙa 12 da ake kira Alwar suka yi wa abin bautarsu Bishnu waƙa, wasu daga cikin bayi 63 da ake kira Nayanar suka yi wa nasu abin bautar, Shiba, da harshen gida wanda manomi da mai tallar kifi suke ji, ba Sanskirit na Baraman, wato malaman addininsu na gado, ba. Waƙoƙin Alwar kaɗai da aka tattara baiti 4,000 ne. Rawar kan titi kuwa Caitanya ne ya yaɗa ta, mutumin Nabadwip a Bengal, gabashin Indiya, wanda aka haifa a 1486. Malamin nahawu ne, sai ya je garin Gaya ya karɓi wuridi, ya dawo ba ya iya karantarwa saboda kuka. Yana da shekara 24 ya bar gida ya shiga zuhudu.

Taron waƙar sunansa kirtan, kuma yana da tsari. Jagora ya rera layi ɗaya, ƴan amshi su maimaita. Ana kaɗa ganga ta yumɓu mai baki biyu, ƙaramin bakin yana da kaifin sauti, babban yana da amo. Akwai ƙananan faifan tagulla guda biyu da ake gwarawa, aikinsu kamar na sambani, bugu uku-uku. Ana farawa a hankali, a riƙa ƙara sauri da kaɗan-kaɗan har a kai ƙololuwa, a yanke, a sake farowa daga ƙasa. Idan makaɗi ya yi gaggawar ƙara sauri, ƴan amshi suna haɗiye kalmomi, sunan da aka taru dominsa ya ɓace, a bar jama'a da hayaniya da zufa.

Batun bori kuma, a bori iska ce take hawan mutum ta yi magana da bakinsa, a kira shi dokinta. Mai bakti babu wanda ya hau shi. Shi ne dai, yana kiran wani wanda yake ganin ya yi masa nisa. Akwai hawan iska a Indiya, misali bikin Teyyam a arewacin Kerala, amma wannan wani fanni ne daban.

Tambaya: Ni mai sayar da tasbaha ne a Kasuwar Dole. An nuna mini hoton wani ɗan Hindu, hannunsa cikin ƴar jaka, yatsa ɗaya a waje, aka ce jan carbi yake. Yaya nasu yake? — Wani Alhaji, Sabon Gari

Amsa: Alhaji, nasu ƙwaya 108 ne, da babbar ƙwaya guda a mahaɗa wadda ba a lissafa ta. Mabiya Kirishna, abin bautar su Caitanya, da itacen tulsi suke sassaƙa shi, wani ɗan tsiro dangin ɗoɗɗoya da suke girmamawa. Mabiya Shiba kuwa ƙwallon wani itace mai suna rudraksha suke amfani da shi. Da hannun dama ake ja, tsakanin babban yatsa da na tsakiya. Manuniya ba ta taɓa ƙwayar, shi ya sa jakar take da ƴar kafa inda yatsan yake fitowa. Jakar tana hana carbin taɓa ƙasa, tana kuma ɓoye shi daga idon mutane. Ana farawa daga ƙwayar da ke kusa da babbar, idan an zagayo ba a tsallake babbar, sai a juya carbin a koma ta inda aka fito. A jikin jakar akwai wasu ƴan duwatsu a zare na ƙidayar zagaye.

A kan kowace ƙwaya mabiya Caitanya suna karanta wuridi mai kalma 16, wanda sunaye uku ne ake jujjuyawa: Hare, Kirishna, Rama. Ƙungiyar ISKCON, wadda Baktibedanta Swami Prabupada ya kafa a birnin Niyok na Amurka a 1966, ta ɗora wa duk wanda ya yi mubaya'a zagaye 16 a kullum. Lissafa da kanka, Alhaji: 108 sau 16 ya ba da 1,728, kowanne da suna 16, jimla 27,648. Zagaye ɗaya yana cin minti 6 zuwa 8, duka kusan awa biyu. Wanda ya gama zagaye cikin minti 3 ya ci kalmomi, wanda ya kai kwata yana gyangyaɗi ne ko hankalinsa ya tafi kasuwa. Lokacin da suka fi so shi ne awa ɗaya da rabi kafin fitowar rana, kuma a gidajen bautar ƙungiyar hidimar farko ƙarfe 4 da rabi na asuba ake yin ta.

Tare da wuridin akwai hani huɗu: nama da kifi da ƙwai, kayan maye (har shayi da kofi suke sawa a ciki, abin da zai yi wa ƴan fada wuya), caca, da zina. Sau biyu a wata, ranar 11 bayan tsayuwar wata da ranar 11 bayan cikarsa, ba su cin hatsi da wake. Suna kuma da laifuka 10 da suke cewa suna kashe amfanin wuridi. Na farko zagin bayin kirki, wani kuma shi ne mutum ya aikata saɓo da gangan yana cewa sunan zai wanke shi.

Tambaya: Mu a wurin zikiri mun san akwai wanda hali ya kama da gaske, akwai mai riya. Su suna da ma'aunin rarrabewa, ko duk wanda ya faɗi waliyyi ne? — Wani malamin zaure, Garin Malam

Amsa: Allah gafarta Malam, a ganinmu nan ne iliminsu ya fi zurfi, kuma nan ne masu kallo daga nesa suka fi yin kuskure. Almajirin Caitanya, Rupa Goswami, ya kammala wani littafi a 1541, Bakti-rasamrita-sindu, inda ya bi shauƙi gaɓa-gaɓa kamar mahauci. Ya lissafa alamomi 8 da suke fitowa a jiki ba da nufin mutum ba: sandarewa, zufa, tashin tsikar jiki, sarƙewar murya, makyarkyata, sauyin launin fata, hawaye, da suma. Sannan ya ce duka takwas suna iya bayyana ga wanda ba shi da komai. Akwai mai zuciya mai santsi, wanda ko tatsuniya aka yi masa zai yi kuka. Akwai wanda ya koya da maimaici irin na ɗan wasan kwaikwayo. Akwai kuma wanda ya zauna cikin masu bege, hasken nasu ya faɗo masa na ɗan lokaci, da an watse ya koma yadda yake.

To da me ake ganewa? Da hali bayan an tashi daga taro. Ya ba da alamu 9, daga ciki akwai haƙuri idan an cuce shi, rashin ɓata lokaci, rashin kwaɗayin duniya, rashin jin kai wani ne, da rashin yanke ƙauna. Wanda ya suma da dare, da safe ya zagi maƙwabci a kan akuya, a ma'aunin Rupa bai fara ba.

Ya kuma jera matakai 9, kuma shauƙin da ake gani a fim na takwas ne. Ana farawa da amincewa, sai zama da waɗanda suka riga ka, sai aiki a ƙarƙashin malami, sai gogewar dattin zuciya, sai tabbata, sai ɗanɗano, sai shaƙuwa. Bayan nan shauƙi yake ɓullowa, wanda ya kwatanta da tsirkiyar rana, sai ranar kanta, wato cikakkiyar ƙauna da suke kira prema. 

Wani malaminsu na baya, Bishwanata Cakrabarti, ya rubuta cututtuka 6 na sabon shiga, kuma duk mai almajirai zai gane su. Zumuɗin farko, irin na yaron da ya fara allo yana jin ya zama malam. Yau kauri gobe tsinkewa, zagaye 30 ranar Litinin, babu ko ɗaya ranar Laraba. Wasi-wasi, in bar iyali in shiga zuhudu ko in zauna. Kokawa da sha'awa, a bari a koma. Ɗaukar alkawarin da ba a iya cikawa. Ta ƙarshe ita ce mafi muni, domin sai an ɗan ci gaba take zuwa: mutane sun fara kawo kyauta, ana durƙusa masa, sai ya shagala da kumfar ya manta ruwan. A ƙarni na 20 Baktisiddanta Saraswati, malamin Prabupada, wanda ya rasu a 1937, ya yi kaurin suna wajen sukar masu birgima a taro don a gani.

Tambaya: Ƴata ta ce a waƙoƙinsu mace tana kiran abin bautarta mijinta ko masoyinta. Wannan ba rashin kunya ba ne? — Wata Hajiya, unguwar Birni

Amsa: Hajiya, ƴarki ta ji daidai. Sun kasa dangantakar mai bauta da abin bautarsa gida 5: natsuwa ta mai tunani, biyayyar bara ga ubangidansa, abota har da tsokana irin ta taubasai, ƙaunar uwa ga ɗanta, da ƙaunar masoya. Ta huɗun tana ba baƙo mamaki, domin mai bautar ne yake ɗaukar kansa babba, yana yi wa siffar jaririn Kirishna wanka, ya ba ta abinci, ya kwantar da ita. Ta biyar suka ɗora a sama, hujjarsu ita ce ta haɗe sauran: masoyiya tana hidima, tana abota, tana lallashi.

Abin koyinsu matan makiyaya ne na Birindaban, masu tatsa da tallar nono kamar Fulanin da ke shigowa gari da ƙwarya. A littafi na 10 na Bagabata Purana, kundin labarin Kirishna, da suka ji sarewar Kirishna da dare sai suka bar tukunya a kan wuta suka fita. Daga baya ya tafi Matura ya bar su. Wannan rabuwar, wadda suke kira biraha, ita suka fi ɗaukaka a kan haɗuwa, don a wurinsu wanda ya rasa ya fi wanda ya samu tunawa. Maza ma suna ɗaukar ruhinsu a matsayin mace a nan, kuma masu tarihin Caitanya sun ce shekarunsa na ƙarshe a garin Puri cikin wannan kukan ya yi su.

A cikin mata biyu sun fi shahara. Andal, mace ɗaya tilo cikin Alwar 12, tana da waƙa mai baiti 30 da har yau ake rera ɗaya kowace asuba daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu, lokacin da mu nan muke fama da hunturu. Sai Mirabai ta Rajastan, wadda aka aurar gidan sarautar Mewar a 1516. Mijin ya rasu, ta ce ita dama Kirishna ne mijinta, ta riƙa fita waƙa cikin talakawa. Labarin cewa dangin miji sun ba ta guba ba ta mutu ba ruwayar masoyanta ce, kuma da yawa daga waƙoƙin da ake jingina mata bayanta aka yi su.

Damuwarki su ma sun yi ta. An samu ƙungiyoyi a Bengal da suka mayar da misalin aiki na zahiri tsakanin mace da namiji, manyan malaman hanyar suka yi tir da su. Kirishnadas Kabiraj, marubucin tarihin Caitanya, ya ce sha'awa da ƙauna kamar baƙin ƙarfe da zinariya suke: sha'awa neman daɗin kai ce, ƙauna neman yardar wanda ake so.

Tambaya: Daga Sufaye suka koya? — Ɗalibi, jami'ar Zinder

Amsa: A'a, ɗanmu. Alwar sun riga zuwan ɗariƙu Indiya da ƙarnoni. Shehu Mu'inuddin Cishti na Ajmir a 1236 ya rasu. Amma daga baya an zauna gari ɗaya, an ji waƙoƙin juna. Kabir, masaƙin Banaras na ƙarni na 15, a gidan Musulmi ya tashi, kuma yana cikin reshen bakti da ke cewa abin bauta ba shi da siffa. Haridas, abokin Caitanya, wanda ruwayarsu ta ce yana ambaton suna 300,000 a yini, shi ma daga gidan Musulmi ya fito.

Kamanceceniyar tana cikin carbi, da shehi da muridi, da kukan bege. Bambancin yana cikin aƙida. Mafi yawan masu bakti sun yarda abin bautarsu yana saukowa duniya cikin jikin mutum, kuma yana zama cikin sassaƙen da mu muke kira gunki, su suke kira murti. Tauhidi bai karɓi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ko a cikin Hindu suna da saɓani da mabiya wani malami mai suna Shankara, masu cewa a ƙarshe ruhi da asalinsa abu ɗaya ne. Masu bakti ba su son wannan narkewar, don sai da biyu ake ƙauna. Ramprasad Sen, mawaƙin Bengal na ƙarni na 18, ya ce shi sukari yake so ya sha, ba ya so ya zama sukari.