Amsar tambayarka kan Kubernetes da sabar ukun nan tamu

Ɗana,

Saƙonka ya same ni bayan sallar isha'i, ina zaune a ƙofar gida. Sau biyu na saurare shi. Ka ce: "Maigida, dandalin nan da muka gina don masu haɗa manhaja su riƙa ɗora aikinsu, sabar uku ce kawai da rumbun bayanai guda. Ko'ina na duba maganar Kubernetes ake yi, da yanyanka manhaja gunduwa-gunduwa. Ranar da jama'a suka yi mana yawa fa? Ba za a ce mun yi aikin ƙauye ba?" Ban ba ka amsa nan take ba, don tambayar ba ta tsaye ba ce. Kuma na ji daɗinta, domin yaron da ba ya tambaya ba ya zama gwani.

Kafin komai, ka tuna su wa muke wa aiki. Masu haɗa manhaja bakwai ne ke ɗora kayansu a kanmu. Ɗaya ya yi wa wasu makarantu manhajar sakamakon ɗalibai, ɗaya yana riƙe da lissafin wani kantin magani a Zango, wata kuma ta yi wa dillalan wake na Kasuwar Dole wadda suke rubuta buhun da ya shigo da wanda ya fita. Masu amfani da waɗannan manhajoji ƙananan wayoyi ne a hannunsu, rezo ya zo ya tafi, ana sayen data ta dala arba'in ana lallaɓa ta. Mu kuma masu kula da dandalin mu biyu ne, ni da kai. In wani abu ya lalace ƙarfe uku na dare, ba wani ofishi a Yamai ko a Turai da za mu tasa daga barci. Wannan lissafin shi ne farkon zane, kafin a zo ga sunan kowane kayan aiki.

Kubernetes, wato tsarin da ke rarraba manhajoji a kan sabar masu yawa (kwamfutocin da manhaja ke aiki a kansu) yana kula da su, ba abin rainawa ba ne. Kamfanin Google ne ya fitar da shi a 2014, bayan ya shafe shekaru yana gudanar da wani tsari nasa na cikin gida mai suna Borg. A wannan shekarar sun ce suna tayar da kwantena, wato ƙunshin manhaja da duk abin da take buƙata don ta yi aiki, sama da biliyan 2 a kowane mako. Wanda ke da irin wannan kaya dole ya nemi irin wannan amalanke. Amma shi kansa Kubernetes ɗin gida ne mai ɗakuna da yawa: yana da rumbun bayanansa na kansa da ake kira etcd, yana da takardun shaidar tsaro da wa'adinsu ke ƙarewa, yana da tasa hanyar sadarwa, kuma kusan sau uku a shekara ake fitar da sabon zubi, wanda ya zauna baya da yawa a daina kula da nasa. Duk wannan aiki ne da zai hau kanmu kafin manhajar mutum ɗaya ta buɗe a waya. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowar ce sai an yi dubu.

Ni ma'aunina na dandali ɗaya ne: daga lokacin da mai manhaja ya gama rubutunsa zuwa lokacin da abin ya bayyana a wayar mai saye, minti nawa ne, kuma mutum nawa sai ya roƙa a hanya? Masu Heroku, wani dandalin ɗora manhaja irin namu da suka fara a 2007, a nan suka ci gari. Mutum zai rubuta layi ɗaya, ya tura aikinsa da git, kayan aikin da masu manhaja ke adana rubutunsu da shi, shi ke nan, manhaja ta hau. Ba ruwansa da sabar da ta ɗauka, ba ruwansa da inda aka ajiye ta. A lokacin Amazon ta riga ta buɗe hayar sabar tun 2006, amma wanda ya kama haya a can shi zai yi shimfiɗa, shi zai ja wuta, shi zai sa ƙofa. Heroku ta ba mutane ɗaki a share. A 2010 kamfanin Salesforce ya saye ta da dala miliyan 212 na Amurka, kuma abin da aka saya ɗin sauƙin nan ne.

Sauƙin kuwa ba ya samuwa sai da cewa a'a. Ka ga ranar da yaron nan ya zo yana son mu ƙara masa wani irin rumbun bayanai dabam, na ce masa PostgreSQL muke da shi, ya yi haƙuri. Na ga fuskarka ta canza, kamar na kori ciniki. Ba rowa ba ce. Duk abin da muka ƙara, mun ɗauki alkawarin sabunta shi, da adana kwafinsa, da sanin halinsa ranar da ya yi gardama, har iyakar rayuwar dandalin. Shi ya sa hanyar ɗora manhaja ɗaya ce a wurinmu, wurin duba bayanan abin da ya faru ɗaya ne, kuma umarnin komawa zubin jiya in na yau ya ɓaci shi ma ɗaya ne. Wannan na ƙarshen na fi ji da shi. Mai manhajar da ya san zai iya komawa baya cikin minti ɗaya ba ya tsoron gyara, sai ka ga yana ɗora ƙananan gyare-gyare kullum maimakon ya tara na wata uku ya jibga mana ranar Juma'a da yamma.

Yanzu ga ainihin abin da ke damunka, wato ranar da jama'a za su yi yawa.

Je ka bakin tasha ka tsaya ka kalli ƴan kabu-kabu. In mota ta sauke fasinja talatin, duk wanda ke kusa shi zai ɗauka, don ba wani ɗan kabu-kabu da ya ajiye jakar fasinja a ɗakinsa. In fasinja sun ƙaru, babura su ƙaru. In ɗaya ya yi faci, na bayansa ya matso. Da a ce kowane fasinja yana da direbansa da ke riƙe masa kaya, da tashar ta cushe tun hantsi. Haka muka tsara sabar ukun nan. Ba wadda ke riƙe da komai na kowa. Hoton da aka ɗora ba ya kwana a cikinta, ma'ajiyar fayil yake tafiya. Shaidar cewa mutum ya shiga da kalmar sirrinsa tana rumbun bayanai. Mabuɗai da adireshi ba a rubuta su cikin manhaja, daga waje ake ba ta su lokacin da za ta tashi. Waɗannan suna cikin ƙa'idoji 12 da Adam Wiggins, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Heroku, ya rubuta a 2011, kuma har yau ban ga abin da ya tsufa a cikinsu ba. In an kiyaye su, ƙara ƙarfi ya zama kwafi kawai: a tayar da ta huɗu, a gaya wa mai raba kaya da ke gaba cewa an samu ƙarin hannu. Uku ce yau don uku muke buƙata, amma ƙofar goma a buɗe take.

Ka tuna ƙarshen zangon karatun da ya wuce, ranar da makarantun nan suka saki sakamako da ƙarfe biyar na yamma? Iyaye suka afka wa manhajar lokaci guda, shafi ya riƙa juyawa ba ya buɗewa. Kai ka ce mu ƙara sabar. Na ce mu duba tukuna. Da muka duba, sabar ɗin ko gumi ba su yi ba; rumbun bayanai ne ke numfashi sama-sama, don duk uban da ya nemi sakamakon ɗansa sai rumbun ya karanta sunan kowane ɗalibi daga farko har ƙarshe. Layi ɗaya muka rubuta, muka sa wa lambar ɗalibi fihirisa, wato jerin da ke kai rumbun kai tsaye ga wanda ake nema, nan take abu ya saki. Na biyu kuma takardar sakamako ce da ake haɗawa don bugawa, wadda ke cin daƙiƙa da yawa tana tare hanya. Muka mayar da ita layin jira: a karɓi buƙatarka, a ce maka ana shiryawa, wani ma'aikaci a baya ya yi ta bi ɗaya bayan ɗaya. Da Kubernetes ne a ƙarƙashinmu ranar nan, da iyakar abin da zai iya yi shi ne tayar da sabbin kwantena, kowace tana ƙara wa rumbun da ke shaƙe nauyi. Sai an auna ake sanin inda ke yoyo.

Rumbun bayanai kuwa, a nan ne nake son hankalinka ya fi zama, don shi kaɗai ne ba a iya sake ginawa daga rubutu. Sabar in ta mutu, minti biyar mun yi wata. Bashin da dillali ke bin mutane in ya ɓace, ya ɓace. Shekarun baya, kafin ka zo, na riƙe wa wani ɗan kasuwa lissafinsa, kuma kowane dare na'ura tana aiko mini da saƙo cewa an adana kwafi. Ranar da faifan ya mutu na je ɗauko kwafin, na tarar wata biyu ke nan fayil ɗin fanko ne, wurin ajiyar ya cika ba wanda ya sani. Mutumin nan ya zauna a kan benci a shagona da tsofaffin rasit cike da leda, kwana huɗu muna shigar da su da hannu. Bai ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya, kuma shirun nan nasa har yau yana raina. Ba ƙananan masu sana'a kaɗai abin ke samu ba. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da masu manhaja ke ajiye rubutunsu a wurinsa, ya goge rumbunsu na aiki bisa kuskure, suka juya ga hanyoyin ajiyarsu suka tarar yawancinsu ba sa aiki, da ƙyar suka farfaɗo daga wani kwafi, suka yi asarar bayanan kusan awa 6. Kwafin da ba a taɓa gwada mayar da shi ba, zato ne kawai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka taɓa tambayata don me ba mu ajiye sabar a nan shago ba. Ka san zafin watan Afrilu a Damagaram, ka san ƙurar hunturu da ke shiga ko cikin akwati a kulle, ka san yadda kuran, wato wutar lantarki, ke yi. Shi ya sa muke haya a Faransa. Akwai cibiyoyin girgije, wato wuraren hayar sabar, a Afirka ta Kudu, Microsoft ta buɗe a 2019, Amazon a 2020, amma ko a taswira Paris ta fi kusa da Zinder, kuma da na auna saurin amsa daga nan ita ta fi. Ga kuma maganar kuɗi: sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, don haka wanda ke biyan haya da yuro ya san abin da zai biya baɗi, saɓanin mai biya da dalar Amurka.

Sai dai nisan yana da nasa haraji. Ƙasarmu ba ta da teku, intanet ɗinmu ta ƙasashen maƙwabta take biyowa. Ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga duhu ko rarrafe. Ko ba irin wannan babbar rana ba, dillalin da ke kan hanyar Matamaye rezo na iya yanke masa a tsakiyar aika saƙo. Ya danna "ajiye", bai ga amsa ba, ya sake dannawa, ya kuma. In dandalinmu bai san da wannan ba, buhu hamsin ya zama ɗari da hamsin a littafi, rigima ta tashi tsakanin mutanen da suka shekara ashirin suna ciniki. Shi ya sa muka wajabta wa kowace buƙata mai taɓa kuɗi ko kaya lambarta ta kanta, wadda waya ke haɗawa kafin ta aika. In lambar ta dawo karo na biyu, a ba ta amsar farko, kada a sake rubutawa. Wannan ƙaramin abu ya fi mana amfani a nan fiye da duk wani babban tsari da ka gani ana yayi, kuma mun sa shi cikin dandalin ne don kada kowane mai manhaja ya sha wahalar ƙirƙiro nasa.

Abu ɗaya kuma: dandali gidan haya ne mai famfo ɗaya. Kai ɗan garin nan ne, ka san abin da ke faruwa in ruwa ya zo tsakar dare wani ya jera jarka ashirin a gaba. Don haka kowace manhaja da iyakarta, ta ƙwaƙwalwa, ta ƙarfin aiki, da ta yawan layin da za ta buɗe zuwa rumbu. Kuma akwai ƙararrawa a kan kuɗin haya, in ya haura abin da muka saba ta buga mana tun wata bai ƙare ba.

Ban ce har abada ba za mu taɓa Kubernetes ba. Ranar da sabar suka kai yawan da ba ma iya tuna wace manhaja ke kan wace, ranar da muka zama mutum biyar ko shida masu karɓa-karɓar kwana, ranar da rubutun da muke ɗora manhaja da shi ya fara zama ƙaramin Kubernetes na kanmu mai cike da faci, to lokaci ya yi. Kuma ƙaurar ba za ta yi mana wuya ba, tunda kayanmu duk a kwantenar Docker suke, irin wadda Kubernetes ma ke ɗauka, ba su riƙe komai a cikinsu. Kafin nan ka koye shi a kwamfutarka, ka tayar, ka rushe, ka sake tayarwa. Zan ba ka awa biyu kowace Asabar don wannan, kuma in ka gano abin da ban sani ba ka zo ka koya mini.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri, kafin rana ta ɗaga. Za ka kama sabuwar sabar fanko, ka ɗauko kwafin daren yau na rumbun dillalan wake, ka mayar da shi kai kaɗai, ni ina gefe ba zan taɓa komai ba. Ka zo da biro da takarda, ka rubuta lokacin da ka fara da lokacin da ka gama, da duk wurin da ka tsaya kana neman abin da ya kamata a ce yana rubuce. In ka gama sai mu kira mai manhajar ta duba ko adadin buhunan ya yi daidai da na littafinta.

Ka gaida mutan gida.