Me Ya Sa Lambobin Wayar Kwastomomi Duk Suka Koma 2147483647?

Tambaya: Malam, na haɗa wa yayana 'yar manhaja da MySQL (manhajar adana bayanai) don ajiye lambobin wayar kwastomomin shagonsa. Kowace lamba na shigar, in na dawo sai in tarar ta koma 2147483647. Ko bairos ne ya shiga? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, babu bairos a nan. Ka sa gidan da kake ajiye lambar wayar a matsayin INT ne, wato nau'in gida na adadin lissafi. INT gurbi 32 gare shi, kowanne 0 ko 1. Guda ɗaya aikinsa nuna ko lambar ta gaza sifili, saura 31. Iyakar abin da za su ɗauka shi ne ka jera 2 har sau 31 kana ninkawa, ka cire ɗaya: 2,147,483,647. Lambar wayar Najeriya kuwa, in aka cire sifilin farko, da 7 ko 8 ko 9 take farawa, wato ta kai biliyan bakwai ko fiye. Mudu ya cika, sai MySQL ya ajiye iyakar da zai iya ya yi shiru.

Mayar da gidan VARCHAR, wato nau'in gida na rubutu. Lambar waya ba abin lissafi ba ce, kuma ta haka sifilin farko da +234 za su tsaya. Waɗanda suka riga suka lalace fa sai dai a sake karɓo su.

Ita kanta 2,147,483,647 tana da daraja wurin masana lissafi. Babu abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, kuma Leonhard Euler ne ya tabbatar da haka a 1772, da alƙalami da takarda. Ita ce ta takwas a jerin da aka sa wa sunan Marin Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa, wato jerin irin waɗannan lambobin marasa rabuwa da ake samu in an ninka 2 a jere an cire ɗaya, wanda ya fara da 3, 7, 31, 127. Lura da cewa 31 ɗin ma a jerin take, abin da ya fi burge ni ke nan.

Za ka sake jin labarinta. Tsofaffin na'urori masu ƙirga daƙiƙoƙi tun 1 ga Janairun 1970 za su cika wannan adadin ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya da Nijar, wasu su ɗauka an koma Disamban 1901. Sababbin wayoyi da kwamfutoci masu gurbi 64 ba ruwansu.