Tambayi Likita: Shin mai lalurar ƙwaƙwalwa yana da ta cewa a kan rayuwarsa?

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 27 ya samu sauƙi wata takwas ke nan, kuma bai fasa shan magani ba. Yana son komawa sayar da tumatir a kasuwar Farin Gada da ke Jos, amma mahaifinsa ya ce ko ƙofar gida kada ya leƙa. (Wata uwa, Anguwan Rogo)

Amsa: Mama, Allah ya ƙara masa lafiya. Ku bar shi ya koma. Na san abin da Baba yake gudu: kada ciwon ya motsa a tsakiyar kasuwa, jama'a su taru a kansa. Yana iya faruwa, ba zan ɓoye miki ba. Amma na sha ganin samarin da aka killace saboda ƙauna. Mutum yana kan tabarma daga hantsi har magariba, abokai sun watse, ko kuɗin aski sai ya roƙa. Wannan zaman ma yana cin mutum.

Ku zauna tare da shi ku tsara, ba a bayan idonsa ba. Ya fara da rabin yini. Kada ya shiga sauke kaya da tsakar dare, domin rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Shi da bakinsa ya faɗi wanda za a kira in ya kwana biyu bai runtsa ba. In kuwa ya yi asarar kwando ɗaya ko biyu, kada a ce ciwo ne. Masu lafiya ma suna yi.

Tambaya: Matata ta ajiye maganinta, wai yana sa ta barci da sandarewar jiki. In riƙa zuba mata a kunu? (Wani magidanci, Bauchi Road)

Amsa: A'a, Malam. Ranar da ta gano, ko ruwa ba za ta ƙara karɓa daga hannunka ba. Kuma gaskiya take faɗa: cikin magungunan ciwon ƙwaƙwalwa, haloperidol yana sandarar da jiki ya sa rawar hannu, chlorpromazine kuma yana kawo barci. Likita na iya rage shi, ko ya canza wani, ko ya mayar da shan sa dare. Ka raka ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH), ka bari ta yi bayani da kanta. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da tsohon Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba ta haƙƙin a yi shawara da ita kan maganinta. Sai dai ita ma a gaya mata ƙarara cewa yanke magani farat ɗaya na iya dawo da ciwon.

Tambaya: Yayana ya ce ya gaji da duniya, har ya tanadi guba, ya sa na rantse ba zan faɗa ba. (Wata ɗaliba, Gangare)

Amsa: Ƙanwata, wannan ba amanar da ake riƙewa ba ce, rai ne. Ki gaya wa babba a gidanku yanzu. A ɗauke gubar, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi sashen gaggawa na asibiti yau ɗin nan. Ban da ɗauri, ban da duka. Ki sanar da shi cewa za ki faɗa, ki kuma gaya masa don kina son sa da rai ne.