Tambayi Likita: Hujin Gira da Abin da Ke Biyo Bayansa

Da can in aka ce huji a Maradi kunne ake nufi, sai kuwa hanci. Yanzu waya ta kawo sabon yayi, har saƙonnin wannan makon suka taru a kan hujin gira. Zancen halacci ko haramci na malamai ne, a tambaye su. Ni fata da jini ne nawa.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a unguwar Zariya, shekarata 21. Wata mai kitso da ke huda kunne da ƴar bindiga ta ce za ta huda mini gira a jikka biyu, amma ƙawata ta ce ana makancewa. Gaskiya ne?

Amsa: Ƙanwata, jijiyar gani tana can bayan ƙwayar ido, allurar huji ba ta kai wa gare ta. Amma akwai wata jijiyar a gira. Ki ɗora yatsa a kan ƙashin girarki, ki bi shi daga wajen hanci; kamar faɗin yatsu biyu daga tsakiyar goshi za ki ji wani ɗan loko. Ta nan jijiyar da ke sa goshi ya ji taɓi take fitowa. In allura ta same ta, sai goshi ya mutu ko ya yi ta zugi. Shi ya sa waɗanda suka san aikin suke huda wutsiyar gira, ɓangaren da ke kallon kunne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bindigar. Don leɓatun kunne aka ƙera ta, kuma tura ƙarfe take yi da ƙarfi ya yaga nama. Jikinta roba ne, ba ya jure tukunyar tururi ta asibiti wadda ke dafa kayan aiki a zafin digiri 121. Sai dai a goge ta da alkol a sa wa na gaba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B kuwa tana iya yin kwana 7 da ranta a cikin busasshen jini. A Nijar sai a 2008 aka sa rigakafinta cikin alluran jarirai, ke kuma kafin nan aka haife ki. Ki fara yin gwaji, in ba ki da ita ki karɓi rigakafin, allura uku ce.

In kin nace, to sai da sabuwar allura da aka ɓare ledarta a gabanki, mai yi ya sa safar hannu, ƙarfen kuma ya zama na titaniyom, ɗan lanƙwasasshe mai kaurin milimita 1.2. Ƴan kunnen kasuwa da yawa akwai nikel a cikinsu, shi ne ke sa ƙaiƙayi da ruwa-ruwa. In ba a samu waɗannan ba, ki riƙe jikka biyunki.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. A Yamai aka huda mini, yau kwana goma. Wani farin abu yana fitowa yana bushewa a jikin ƙarfen. Da me zan riƙa wankewa? Kuma yaya zan yi da alwala?

Amsa: Wa alaikumus salam. Wannan farin ɓawon ba mugunya ba ce, ruwan jiki ne da kowane rauni ke fitarwa in yana warkewa. Ki tuna hujin rauni ne da aka sa ƙarfe ya hana shi rufewa, don haka sai kin yi haƙuri da shi: mako 6 zuwa 8 kafin bakinsa ya warke, cikinsa kuwa yakan kai wata uku.

Ki je farmasi ki ce a ba ki serom, irin ƴan robobin ruwan gishirin nan da ake ɗiga wa jarirai a hanci. Safe da dare ki wanke hannu da sabulu, ki jiƙa kompires, wato farin ƙyallen wanke rauni, da shi, ki ɗora a wurin kamar minti biyar har ɓawon ya yi laushi, sannan ki share a hankali ki tsane da busasshe. Kada ki yi da auduga, zarenta yana maƙalewa. In serom ya gagara, ki tafasa ruwa lita ɗaya, ki zuba gishiri giram 9, wato ƙaramin cokali ɗaya da rabi, ya huce. Kullum sabo za ki haɗa. Kada ki ƙara gishiri don wai ya fi ƙarfi, ƙona fatar zai yi.

Na san kakanninmu sukan ce a riƙa juya ɗan kunne kada ya manne. Kada ki juya wannan. Duk juyi yana sake yaga sabon naman da ke toho. Ban da alkol, ban da man zafi, ban da man kaɗe. Jagira da hoda su yi nesa da wurin har ya warke, kwalli ma ki ɗan jingine shi.

Alwala ba ta ɓata huji in ruwan mai tsabta ne. Ki kai ruwan wurin ba tare da cuɗawa ba, kina idarwa ki tsane shi. A sujada goshi da hanci ne ke taɓa ƙasa, amma ki shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a kan darduma. Abin da na fi gani yana kawo mutane wurina shi ne fizga: bakin hijabi ko zaren niƙabi ya kama kan ƙarfen wajen cirewa, ko gidan sauro cikin barci. Ki kwanta ta ɗaya gefen. In hunturu ya shigo kika hau kabu-kabu cikin ƙura, kina sauka ki ɗauraye.

Tambaya: Likita, daga Tibiri nake. Ɗiyata ta ƙara huji a saman kunne, wurin ya yi tsiro kamar ƙwayar gujiya, yana ƙaiƙayi. Yanzu kuma wai gira take so.

Amsa: Hajiya, kada ta yi. Wannan tsiron tabo ne da ya ƙi tsayawa, mu muna ce masa keloyid. Jiki ne ke ci gaba da zuba naman gyara bayan rauni ya rufe, har ya zarce iyakarsa. Ya fi samun baƙar fata, kuma yana bin dangi. Wanda ya yi shi a kunne zai iya yin shi a fuska, fuska kuwa ba ta ɓoyuwa da kallabi. Kada a kai ta wanzami ya yanke, kada a ɗaure da zare. Na taɓa duba wata yarinya da aka yanke wa nata a gida yana kamar wake. Da aka kawo ta ya kai girman goro. Yanka kaɗai sau da yawa dawo da shi yake yi, har ya fi na farko. Ku ga likitan fata. Akwai allurar da ake yi a cikin tsiron kansa, wata-wata, tana rage tudunsa da ƙaiƙayin.

Tambaya: Wata biyar ke nan da na yi, ba ciwo, amma ƙarfen sai ƙara fitowa yake, har ina hango shi ta cikin fata. Daga Tasawa.

Amsa: Jikinki ne ke koro shi, kamar yadda yake koro ƙaya. Gira ba ta da naman da zai riƙe ƙarfe kamar kunne, don haka wannan ba baƙon abu ba ne ko ga wanda ya kula sosai. Ba ya komawa ciki. A cire shi yanzu ya bar ƴan ɗigo biyu; in kika jira ya tsaga fatar da kansa, tabon layi zai bari, kuma gashi ba ya sake tsirowa a kan tabo.

Tambaya: Likita, ƙanwata ce ƙawarta ta huda mata da allurar ɗinki, kwana huɗu. Idon ya kumbura ya rufe, jikinta zafi. Mun sayo kafso wajen mai tebur.

Amsa: Malam, ka kai ta asibiti yau, kada ta kwana. Ɗan kumburi da baƙin jini a gefen ido a kwanakin farko ba komai ba ne. Amma ido ya rufe, ga zazzaɓi, alama ce ƙwayar cuta ta shiga naman da ke kewaye da ido, kuma daga nan tana iya gangarawa bayansa. A nan ne gani yake shiga haɗari. Kada ku cire ƙarfen da kanku, bakin zai iya rufewa a kan mugunya. Likita ne zai yanke wannan. Ku tafi da kafson ya ga abin da ta sha, ku gaya masa allurar ɗinki ce don a duba rigakafinta na ciwon ɗahi, wato tetanos, kuma in tana da ciwon suga ko sikila ku faɗa tun daga bakin ƙofa.