Kar ka jira sai lebura ya ce maka ya gaji

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, cewa an ba ka kula da leburori goma sha biyu a wani gini a Adenta da ke Accra, jiya jiri ya ɗebi ɗaya daga cikinsu, kana neman yadda za ka kare su daga zafin nan. Ni birkila ne, a Nima nake zaune, na haura shekara ashirin a wannan sana'a.

Zafin Accra mayaudari ne. A watan Maris da wuya ma'auni ya wuce digiri 33 ko 34, alhali a Bawku da Tamale yana kaiwa 40. Shi ya sa yaran da ke zuwa daga arewa suke raina shi. Amma can iska a bushe take, gumi na fita yana bushewa, jiki ya yi sanyi. Nan kuwa danshin teku ya cika iska, gumi sai dai ya yi ta zuba a banza, zafin yana taruwa a ciki.

Wani yaro ɗan Bawku ne ya koya mini wannan, shekarun baya. Kwana uku da fara aikinsa muka yi zubin dakin, wato kwankiren saman bene. Wajen ƙarfe ɗaya na rana ya juye kwanon kwankire inda ba a ce ba, na yi masa magana, ya amsa da abin da ba shi da kai balle gindi, yana tangaɗi. Wasu suka ce ya sha wani abu, wasu suka ce iska ce ta taɓa shi, a yi masa tofi. Ni kaina na tsaya ina masa faɗa, kuma har yau abin yana cina. Wata baiwar Allah mai sayar da fiya wata ce ta ture mu, ta sa aka kai shi inuwa aka cire masa riga, ta juye masa ruwan ƙanƙarar kularta gaba ɗaya. Kwana huɗu ya yi a asibiti, likita ya ce har ƙodarsa ta taɓu.

To ka riƙe wannan da kyau. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar jijiyar ƙafa, waɗannan gargaɗi ne: inuwa, ruwa, hutu, kar ya koma aikin rana a wunin nan. Amma da zarar mutum ya fara sambatu, ko ya kasa gane inda yake, ko ya faɗi, zafin jikinsa ya kai wajen digiri 40, ƙwaƙwalwa ta fara taɓuwa. Kar ka ce ai yana gumi, da sauƙi; mai aikin ƙarfi kan shiga wannan hali jikinsa sharkaf. A fara sanyaya shi nan take, a kwarara masa ruwan sanyi, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, a yi ta fifita, wani kuma ya kira lambar gaggawa 112 ko ya tare mota. Ba a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe ruwa a baki. Farasitamol kuma ba ya maganin wannan zafin.

Babban abin da nake so ka gane shi ne, lebura ba zai taɓa zuwa ya ce maka "oga na gaji" ba. Kuɗin yini ake biyansa, yana tsoron gobe ka ɗauki wani, ga kunyar 'yan uwansa. Kai ne za ka tsayar da aiki da bakinka, kowa ya shiga rumfa, har da mai taurin kai. Ni ƙa'idata leda ɗaya ta fiya wata duk rabin awa, ko da ƙishi ko babu, kuma ruwan yana nan kusa da hannu, don idan sai an sauko daga bene an sha, ba wanda zai sauko. Kuɗin ruwa ka sa shi a lissafin mai gini tun farko. Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003 ma ta ɗora wa wanda ya ɗauki ma'aikata samar da ruwan sha mai tsabta. Ka ajiye ORS, wato garin gishiri da sukari na zubawa a ruwa, ko ka haɗa da kanka: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka ce su duba fitsarinsu, idan ya koma kalar shayi ruwa ya yi ƙaranci.

Sabon shiga kuwa, ko wanda ya dawo daga jinyar zazzaɓi, jikinsa na buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba. Ranar farko ka ba shi aiki mai sauƙi, kana ƙarawa kaɗan kaɗan. Zubin kwankire mu fara shi bayan asuba. Da azumi ma haka muke yi, mu tashi kafin sha ɗaya, wani lokaci mu dawo bayan isha'i da fitila.

Shi wanda jiri ya ɗeba jiya, ka tambaye shi a keɓe ko yana shan maganin hawan jini ko bai daɗe da gudawa ba. Wannan makon ka bar shi a ƙasa cikin inuwa yana ɗaure rodi, kuma ka biya shi kuɗinsa cikakke a gaban sauran.