Tambayi Likita: Sugana ya kwanta, me zai sa in sha maganin hawan jini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwar shinkafa ne a Argungu, shekaruna 54. Ina da ciwon suga, ina shan metformin, kuma alhamdu lillahi ya kwanta. Zuwana asibiti biyu a jere ana auna jinina ana samun wajen 156/96, har aka rubuta mini magani. Ban saya ba, don ko ciwon kai ba na ji, kuma an ce wanda ya fara shan maganin hawan jini ya shiga ke nan har kabari. Yanzu zoɓo da tafarnuwa nake sha. Ya wadatar?
Alhaji, daga Argungu, Jihar Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Bai wadatar ba. Tun yau a nemo takardar nan a sayi maganin.

Rashin ciwon kai ba shaida ba ce. Yawancin masu hawan jini garau suke jin kansu, suna kasuwa suna masallaci, sai ranar da aka wayi gari baki ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa. Daga 140/90 zuwa sama hawan jini ne, mai ciwon suga kuwa so muke ya dawo ƙasa da 130/80.

Abin da ya sa muke matsa muku shi ne, suga yana cin bangon jijiyoyin jini a hankali, kitse ya samu wurin maƙalewa, hanya ta tsuke. Idan jini ya zo yana turowa da ƙarfi a kan wannan raunin, sai jijiya ta toshe ko ta fashe. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. In a zuciya ne, bugun zuciya. Ƙoda da ido ma ba su tsira ba. Mai ciwon suga ya ninka wanda ba shi da shi haɗarin ciwon zuciya kusan sau biyu. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, aka fitar a 1998, ya nuna masu suga da aka saukar da jininsu sosai, shanyewar jiki ta ragu a cikinsu da kashi 44 cikin ɗari.

Maganar har kabari kuwa, da gaskiya a ciki, amma an juya ta. Ba maganin ne ke kama mutum ba, cutar ce ba ta tafiya. Ai metformin ɗin ma kullum kuke sha, ban ji kun yi ƙorafi ba. Magungunan hawan jini irin su lisinopril da losartan har ƙoda suke karewa. Lisinopril kan sa wasu busasshen tari. In ya zo muku, ku koma a canza, kada ku ajiye shi shiru. Mai ciki dai ba ta shan waɗannan biyun.

Zoɓo marar sukari yana ɗan rage jini, ban hana ku ba, amma ba zai sauko da 156 inda muke so ba. Gishiri ne abin lura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato kimanin cokalin shayi ɗaya. Ku leƙa madafi ku ga dunƙulen magi nawa Hajiya ke marmashewa a miya guda, ga kanwa, ga yajin tsire, ga kilishi. Ku da Allah Ya ba kogin Argungu, ɗanyen kifi ya fi muku. Sannan ku guji diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis don ciwon jiki, suna tayar da jini suna wahalar da ƙoda. Ku riƙa tafiyar ƙafa da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako.

Wani abu kuma: suga na kashe jijiyoyin jin zafi, don haka bugun zuciya kan zo wa mai suga ba tare da ciwon ƙirji ba. In kun ji numfashi na yankewa, ko zufa ta keto ba dalili, ko nauyi a ƙirji kamar an ɗora buhu, a kai ku asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

In kun koma wurin likitanku, ku ce a gwada fitsari da ƙoda da kitsen jini, ku kuma tambaye shi maganin rage kitse irin atorvastatin, don yawancin masu suga da suka haura shekara 40 suna buƙatarsa.