Ciwon Gwiwar Mahaifiyata da Kumburin Yatsuna: Ciwo Ɗaya Ne?

Tambaya: Likita, mahaifiyata mai shekara 66 ta daɗe da ciwon gwiwa, har ruku'u da sujada suna yi mata wuya. Ni kuma shekarata 34, wata huɗu ke nan yatsun hannayena biyu suna kumbura, kuma da safe ba na iya dunƙule hannu sai hantsi ya yi. An ce sanyin ƙashi ne na gada daga gare ta. Shin in riƙa shan maganin da take sha?

Amsa: Malama, Allah Ya ba ku lafiya. Ko da yake jama'a suna kiran duka biyun sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai, abin da kika bayyana ya fi kama da cututtuka biyu mabambanta, kuma ba sanyi ne ke haddasa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Na Hajiya ya yi kama da zaizayewar gaɓa. A bakin kowane ƙashi akwai guringuntsi mai santsi da ke hana ƙasusuwa gugar juna, wanda yawan shekaru, ƙiba, tsohon rauni ko aikin ɗaukar kaya suke cinye shi a hankali, har ƙashi ya fara tsiro a gefen gaɓar. Shi ya sa ciwon yake tsananta bayan tafiya, ya lafa idan an huta, sagewar safe kuma ba ta cika wuce minti 30 ba. Guringuntsin da ya tafi ba ya dawowa, amma rage ƙiba da ƙarfafa naman cinya a wurin masu gashin ƙashi suna kawo sauƙi sosai, tare da sanda da maganin shafawa. Idan gwiwar ta lalace ƙwarai, ana yin tiyatar sauya ta.

Naki ne ya fi damuna. Kumburin ƙananan gaɓoɓi a hannu biyu lokaci guda, da sagewar da ke kai awa guda ko fiye, a jikin mace mai shekarunki, alamu ne na amosanin da garkuwar jiki ke haddasawa. Garkuwar da aka halitta don yaƙar ƙwayoyin cuta ce take juyowa kan siririyar fatar da ta lulluɓe gaɓa daga ciki, sai fatar ta kumbura, ta yi kauri, ta shiga cin guringuntsi da ƙashi. Cutar ta fi kama mata, kusan ninki biyu zuwa uku na maza, shan taba yana ƙara haɗarinta, kuma takan taɓa huhu, idanu da zuciya, ta jawo ƙarancin jini da kasala. Yatsun da ta riga ta karkatar ba sa miƙewa da magani, saboda haka watannin farko suke da muhimmanci ƙwarai.

Ki nemi ganin likitan gaɓoɓi a asibitin koyarwa ko babban asibiti cikin makonnin nan, domin a duba ki, a yi gwajin jini da hoton hannu. Idan an tabbatar, maganin da aka fi farawa da shi shi ne methotrexate, wanda ake sha sau ɗaya a mako, ba kullum ba, tare da folik asid da gwajin jini da na hanta lokaci-lokaci. Yana illa ga ɗan tayi, don haka lallai ki gaya wa likita idan kina da ciki, kina shayarwa ko kina neman haihuwa, akwai wasu magungunan da za a zaɓa miki.

Game da maganin Hajiya, kada ki sha. Magungunan rage ciwo irin su diclofenac da ibuprofen suna danne zafi kawai, cutar na ci gaba da ɓarna a ƙarƙashi, kuma daɗewa a kansu yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Haɗe-haɗen ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda a kemis sun fi ba ni tsoro, domin sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, masu kumbura fuska, su ɗaga sukari da hawan jini, su raunana ƙashi. Idan irinsu Hajiya take sha tun da daɗewa, kada ta daina farat ɗaya. Ki tafi da ita da sauran ƙwayoyin ranar da za ki asibiti, likita ya rage mata a hankali.